Koren Biron Auta

Litinin, 3 ga wata, da safe

Yau na miƙe wa Auta tsaye. Ya shigo ɗakin taro, kowa ya tashi, ni ma gwiwoyina suka ɗaga ni ba su nemi shawarata ba. Yaron da na riƙa goyawa a bayan keke zuwa makaranta yana jan majina, yau shi ne Antoni Janar na jiha, babban lauyan gwamnati. Ni kuma yayansa, daraktan gabatar da ƙararraki, ina ƙarƙashinsa. Shekara ashirin da ɗoriya ina shaƙar ƙurar fayil a ma'aikatar nan. Shi ko wuni ɗaya bai taɓa yi wa gwamnati aiki ba. Lauya ne mai zaman kansa, Gwamna ya gan shi a talabijin yana zuba zance, shi ke nan aka kira shi.

Na ce, "Barka da zuwa, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Haba Yaya, zauna mana."

A gaban mutane fa. Da ya bar ni da gaisuwata da ya fi mini, don yanzu kowa ya ga alfarma aka yi mini.

A ma'aikatar nan kowa da kalar bironsa. Ƙananan lauyoyi shuɗi, mu daraktoci ja, kore kuwa na mutum ɗaya ne tak, Antoni Janar. Auta yana magana yana wasa da shi, yana buɗe murfin yana rufewa, har ya ɗan tauna gindinsa yadda yake yi wa fensir tun yana firamare.

Ba hassada nake ba. Abin da na gani nake rubutawa.

Litinin, da yamma

Motarsa tana wurin da na saba ajiye tawa, ƙarƙashin bishiya. Tawa ta wuni a rana.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe sha ɗaya

Ya kira ni ofishinsa. Wai ma'aikata za ta cika shekara hamsin, yana so a fitar da ɗan littafi kan tarihin ofishin Antoni Janar da aikinsa, kuma babu wanda ya san gidan nan kamar ni. Na ce to. Daga nan, kamar wanda ya tuna da wani ƙaramin abu, ya ce in aiko masa da fayil ɗin shari'ar benen nan da ya rufta, yana so ya duba da kansa.

Ka ji salon karɓe aiki. A ba tsoho tarihi ya yi ta lilo da shi, a ɗauke masa shari'ar da ya yi shekara biyu yana haɗawa. Ni na tako cikin ɓaraguzan benen nan da takalmina, ni na bi leburorin da suka tsira asibiti ɗaya bayan ɗaya, ni na sa aka auna siminti da rodi. Sai yanzu da ya rage a fara jin shaidu ranar uku ga watan gobe ne za a ce a kawo fayil.

Na aika masa. Na sa Masinja ya kai, ban kai da kaina ba.

Alhamis, 6 ga wata, da rana

Na fara aikin tarihin daga baranda, tunda can tarihin yake rataye. Hotunan duk waɗanda suka riƙe ofishin suna jere a bango, daga bakin matakala har taga. Al'adar gidan nan ita ce ba a rataye hoton mutum sai ya sauka, kuma darakta mafi daɗewa shi ke buga ƙusar da hannunsa. Na buga ƙusoshi huɗu zuwa yanzu. Ban taɓa buga ɗaya ba tare da na ƙiyasta gurbin da ya rage ba. Saura gurbi ɗaya kafin taga.

Na farkonsu yana sanye da hular gashi ta lauyoyi da ta yi masa yawa, ya sha mur sai ka ce mai hoton ya zage shi. A zamaninsa ofishin ɗaki biyu ne a bayan baitulmali, da lauya uku da keken rubutu ɗaya. Na biyar ita ce mace ta farko, ita ta raba ma'aikatar sassa: masu gabatar da ƙara, masu kare gwamnati idan an kai ta kotu, masu tsara dokoki. Na takwas soja ne ya naɗa shi, soja ya kore shi, duk a rediyo ya ji.

Na tsaya gaban gurbin da babu kowa har Masinja ya ce, "Yallaɓai, ko an yi ɓatan wani abu ne?" Na ce a'a.

Asabar, 8 ga wata, da hantsi

Gidan Inna. Na riga shi zuwa, na gyara mata famfon da ke yoyo, na kai mata maganinta na hawan jini. Muna zaune aka ji ƙarar mota da ɗan sanda a gaba. Tsohuwar da ke cewa gwiwa ta hana ta zuwa ko ƙofar ɗaki, sai ga ta a tsakar gida.

"Autana! Shigo, shigo. Kai Babba, matsa masa mana, ka cinye kujerar."

Ta tambaye shi ko aikin da wahala. Ya ce ai Yaya yana nan, shi ke riƙe da shi. Ta juyo ta ce mini, "To ka dai riƙa kula masa da jakarsa, ka san shi da yar da kaya."

Matata ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur kafin in buɗe baki. A mota ta ce fuskata kamar na sha maganin zazzaɓi. Na ce rana ce. Ta ce, "Ranar da ta fito tun ranar da aka rantsar da ƙanenka?"

Litinin, 10 ga wata, da safe

Matar birkila tana kan benci a baranda, kamar kowace Litinin. Mijinta yana hawa na biyu lokacin da benen ya rufta, ya rasu shi da mutum shida. Ita ta kai masa abinci ranar, ita ta ji da kunnenta yana gaya wa Ɗan Kwangila cewa ginshiƙin ya tsage, aka ce masa ya ci gaba ko ya ajiye aiki. Ita ce shaidata ta farko. Ɗan Kwangila kuwa, wanda muke tuhuma, ƙanwar Gwamna yake aure, shi ya sa ba a kiran sunansa a barandar nan sai an rage murya.

Shekara biyu ina ganin matar nan, ban taɓa ganin haƙoranta ba sai yau.

"Yallaɓai, ashe sabon ogan ƙanenka ne? Ya tsaya ya gaishe ni, har ya durƙusa ya tambayi yarinyata sunanta. Allah ya yi masa albarka."

Na ce amin. Ni da na yi ta zirga-zirga a kan maganarta, ban taɓa samun fiye da "sannu da ƙoƙari" ba. Shi durƙuso ɗaya ya yi.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe uku

Na rubuta babin aikin ofis. Antoni Janar shi ne mai ba gwamnati shawara kan doka, shi ke tsaya mata a kotu, shi ke duba duk dokar da za a kai majalisa. Shi ne kuma mai gurfanar da masu laifi da sunan jama'a. Nan gizo yake saƙa, don Gwamna ne ke naɗa shi, amma ƙarar da yake shigarwa ba ta Gwamna ba ce. Mutum ɗaya, iyayen gida biyu.

Sai na zo kan ikon da ya fi kowanne nauyi. Antoni Janar yana iya janye kowace ƙarar laifi kafin a yanke hukunci, da takarda ɗaya mai layi uku, kuma babu alƙalin da zai tambaye shi dalili. Sharaɗin kawai shi ne ya sa hannu da kansa. An ba shi ikon ne don kada a zalunci mara laifi. Na sha ɗaya a bango ya yi amfani da shi har aka sa masa suna Mai Janye-janye. Masu shara ba sa goge gilashin hotonsa, kuma babu wanda ya taɓa ce musu su goge.

Ina cikin rubutun na kama kaina ina tunanin yadda sunan zai dace da wani. Na tashi na sha ruwa.

Alhamis, 13 ga wata, da yamma

Sakataren Gwamnati ya zo da kansa, ya shiga wurin Auta, aka rufe ƙofa. Da ya fita, na shiga wurin sakatariyar Auta neman takardar bugawa. Ba leƙe na yi ba, abin yana kan allon kwamfutarta ne a buɗe. Layi uku. Lambar ƙarar bene a sama, wurin sa hannu a ƙasa babu komai tukuna.

Ya kamata raina ya ɓaci. Shekara biyu na aiki, da matar nan, da mutum bakwai a ƙasa. Raina ya ɓaci, ai ya ɓaci. Amma da na sauko matakala sai na ji ina fito da baki, waƙar da ban san na iya ba.

Ashe ɗan gwal ɗin Inna ma haka yake.

Lahadi, 16 ga wata, bayan la'asar

Na haɗu da Dogo, ɗan jaridar nan da muka yi aji ɗaya a sakandare. Shayi kawai muka sha. Ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi ko ina jin daɗin zama ƙarƙashin ƙanena, yana dariyarsa ta shaƙiyanci. Hira ce irin ta tsofaffin abokai, mutum ba ya auna kowace kalma.

Ban ba shi takarda ba. Wannan kam zan iya rantsewa.

Talata, 18 ga wata, da safe

Shafin farko. "Antoni Janar Zai Janye Ƙarar Surukin Gwamna." Wai majiya mai tushe daga cikin ma'aikata.

Talata, da rana

Ba ni kaɗai ke shiga ofishin sakatariya ba. Mutum nawa ke wucewa ta nan a wuni?

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe goma

Ya kira ni. Ya ce, "Yaya, rufe ƙofa." Idanunsa sun faɗa, jaridar tana gabansa, koren biron yana kanta.

Ya ce, "Ban yi niyyar sa hannu ba. Ce musu na yi a buga takardar in yi nazari, don su ƙyale ni har ranar uku ga wata. Idan matar nan ta tsaya gaban alƙali ta faɗi abin da ta ji, duniya ta ji, babu gwamnan da zai yarda a ce ya janye bayan nan. Lallaɓa su nake yi. Yanzu Gwamna yana ganin ni na kai shi jarida don in ɗaure masa hannu. Ya ba ni zuwa Juma'a, ko in sa hannu ko in ajiye."

Na ce, "Me ya hana ka gaya mini?"

"Kai ke riƙe da shari'ar, kuma kai ma'aikaci ne, saura maka shekaru kaɗan ka yi ritaya. Shi ya sa na karɓe fayil ɗin. Na so in ta ɓaci, ta ɓaci a kaina ni kaɗai."

Na ce Allah ya tona asirin wanda ya yi. Ya ce amin, bai ɗago ba.

Wato kare ni yake yi. Wa ya roƙe shi? Tun yaushe ƙane ke yi wa wa garkuwa? Ko a nan ma sai da ya nuna ya fi ni.

Alhamis, 20 ga wata, da yamma

Ban iya cin abinci ba. Matata ta ce ko ulsa ce ta tashi. Na ce ita ce.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe huɗu

Bai sa hannu ba. Rediyo ta ce an sauke shi, an gode masa bisa hidimar da ya yi.

Ya fito da jakarsa a hannu, bai manta ta ba. Ma'aikata suka yi layi tun daga ƙofarsa har matakala, ba wanda ya tara su. Aka fara tafi. Sakatariyarsa tana kuka, direbobi sun hau sama, har tsohon nan na sashen tsara dokoki da bai taɓa yabon kowa ba ya cire tabarau yana goge ido. Mutumin da ko wata guda bai cika a gidan ba. Ni ma na tafa, hannuwana sun yi abin da ya kamata.

Da ya zo daidai ni ya rungume ni, ya ce a kunnena, "Ka kula da ita." Matar birkila yake nufi.

Na buga ƙusoshi huɗu a bangon nan, ban taɓa ganin an tafa wa wanda aka kora ba. Har korar ma tasa ta fi ta kowa kyau.

Litinin, 24 ga wata, da safe

Na rataye hotonsa. Masinja ya riƙe mini kujera, na hau, na buga ƙusar a gurbin ƙarshe kusa da taga, inda haske ya fi faɗawa. Na bugi babban yatsana. Masinja ya ce sannu, na ce bai yi zafi ba.

Matar birkila tana kan benci tana kallo. Ba ta gaishe ni da murmushi ba yau. Ta ce, "Yallaɓai, yanzu shi ke nan ko?" Na ce ana nan ana dubawa.

Talata, 25 ga wata, da rana

An kira ni gidan gwamnati. Sakataren Gwamnati ya tare ni da hannu biyu, ya sa aka kawo mini ruwan sanyi.

"Darakta, kowa ya san an daɗe ana danne maka haƙƙi. Mai girma Gwamna ya ce a gyara. Za ka riƙe ofishin da cikakken iko daga Litinin, in an ga kamun ludayinka a tabbatar da kai. Mu mutum mai bin tsari muke so, ba mai neman suna a jarida ba."

Bai ambaci takardar ba. Sai da na kai ƙofa ya ce, "Akwai ɗan aikin da yaron ya bari a kan tebur."

Na ce zan yi tunani. Ƙarya nake, tun kafin ya rufe baki zuciyata ta amsa.

Laraba, 26 ga wata, da asuba

A ƙasan durowata ta gida akwai koren biro da na saya shekarun baya, ranar da aka ba ni darakta. Ban taɓa cire murfinsa ba. Yau matata ta same ni da shi a hannu.

Ta ce, "Ka san dalilin da ya sa kai suka zaɓa? In baƙo ya janye, za a ce ƙanenka ya yi gaskiya. In yayansa ya janye, an rufe masa baki."

Na ce cancanta ce. Shekara ashirin da ɗoriya ba wasa ba ne.

"Ban ce ba ka cancanta ba, Baban yara. Cewa na yi ba don ita suka kira ka ba."

Na ce ta duba ko ruwan wanka ya yi zafi.

Asabar, 29 ga wata, da yamma

Gidan Inna. Ita murna take, wai kujera ba ta bar gida ba. Ta ce, "To Babba, sai ka riƙe wa Auta ita da kyau kafin su dawo hankalinsu."

Auta ya rako ni bakin mota. Ya rame, amma fuskarsa a sake take, irin ta wanda yake barci mai kyau. Ya yi mini murna, da gaske kuma ya yi, na duba idonsa ban ga komai ba. Na buɗe ƙofar mota sai ya ce, "Dogo ya kira ni shekaranjiya, yana ba ni haƙuri. Bai san abin zai kai haka ba."

Na tsaya da ƙafa ɗaya a ciki.

"Ban gaya wa Inna ba, kuma ba zan gaya wa kowa ba. Ya wuce, Yaya. Wallahi na yafe."

Da ya zage ni. Da ya ɗaga hannu ya kwaɗa mini mari a bakin titi, da na samu abin riƙewa. Sai ya yafe, ya rufe mini ƙofar mota a hankali, ya ce in gaida yara.

Litinin, 1 ga sabon wata, ƙarfe sha biyu

An rantsar da ni. Na shiga ɗakin taro, kowa ya miƙe. Babu tafi. Motata tana ƙarƙashin bishiya.

Kujerar ta fi yadda na zata tauri. A cikin durowa na tarar da bironsa, gindin duk shatar haƙori. Na tura shi can baya na fito da nawa.

Talata, 2 ga wata, da yamma

Takardar tana gabana tun safe. Gobe kotu.

In na sa hannu, na zauna a kujerar nan shekaru, amma shi ne gwarzo har abada, ni kuma masu shara su tsallake gilashina. In na ƙi, za a ce ƙanena na kwaikwaya. Duk ta inda na bi, yana gabana. Na lura tun safe ban yi tunanin matar nan ba sai yanzu da nake rubutu.

Na sa hannu kafin a tashi. Biron ya ɗan yi gardama don ya daɗe a ajiye, sannan ya saki. Ban taɓa yin sa hannu mai kyau kamar wannan ba.

Laraba, 3 ga wata, bayan an tashi daga kotu

Bari in rubuta yadda aka yi tun ban manta ba.

Kotu ta cika har waje. Na zauna a layin gaba, wurin da ake ware wa Antoni Janar, takardar tana aljihun baƙar rigata. Lauyan Ɗan Kwangila ya gaishe ni da fara'a, ko fayil bai buɗe ba, ya san abin da ya kawo ni. Alƙali ya shigo, aka kira ƙarar, ya ce, "Mai girma Antoni Janar, muna saurarenka."

Na miƙe. Na sa hannu a aljihu. Ban san abin da ya sa na waiwaya ba.

Auta yana can baya cikin 'yan kallo, da rigar gida, kusa da matar birkila, yarinyar tana kan cinyarsa. Yana kallona. Ba harara ba ce, da harara ce da na miƙa takardar na huta. Irin fuskar nan ce ta bakin mota. Tun ban yi ba ya riga ya shirya yafe mini.

Na ce a raina, wallahi ba za ka sake yafe mini ba. Sau ɗaya ya isa.

Na zaro hannuna babu komai. Na ce, "Ya mai shari'a, a shirye muke. A kira mana shaida ta farko."

Lauyan can ya miƙe yana in'ina, alƙali ya ce ya zauna. Matar ta shiga akwatin shaida, aka rantsar da ita. Muryarta ta yi rawa da farko, daga baya ta tsaya. Ta faɗi tsagar ginshiƙin, ta faɗi abin da mijinta ya ce da abin da aka ce masa, ta nuna Ɗan Kwangila da yatsa. Alƙali yana rubutawa, 'yan jarida suna rubutawa. Tambayoyin da na shirya tun bara su na yi mata, ban duba takarda ko sau ɗaya ba. Na san shari'ar nan fiye da kowa a duniya, har da shi.

A waje ta kama hannun rigata tana kuka, ta ce Allah ya saka mini. Na so in gaya mata ba don ita na yi ba. Na ce amin.

Alhamis, 4 ga wata, da safe

Rediyo ta ce an sauke ni, an kuma ba ni hutun ritaya. Ba a gode mini bisa hidima ba.

Shafin farko na jaridar Dogo: "Ya Bi Sahun Ƙanensa."

Inna ta bugo waya tana sa mini albarka. Ta ce, "Ashe ka ɗauki darasi wurin Auta."

Alhamis, da yamma

Na yaga takardar. Kusurwar da ke da sa hannun na ajiye ta cikin littafin nan.

Litinin, 8 ga wata, da rana

Na je kwashe kayana. An ce har yanzu ba a samu wanda zai karɓi ofishin ba, duk wanda aka tuntuɓa sai ya ce likita ya hana shi aiki mai nauyi. Alƙali ya sa ranar jin shaida na biyu. Matar birkila ba ta kan benci, Masinja ya ce ta koma sana'arta.

Ma'aikata sun yi gardama ko mai riƙon kwana uku yana da gurbi a bango. Tsohon sashen tsara dokoki ya yanke, ya ce duk wanda ya riƙe koren biro ya shiga tarihi. Sai dai layi ya cika. Ƙarƙashin na farko akwai akwatin wutar lantarki, tsakiya kuma allon sanarwa. Wuri ɗaya ya rage, kusa da taga, ƙarƙashin Auta.

Daraktan da ya kamata ya buga ƙusar bai iso ba, sai ga Auta da kansa da guduma a hannu. Ya dubi bangon, ya dube ni.

"Yaya, bari in sauko da nawa ƙasa, a sa naka a sama. Kai ne babba."

Na ce, "Ba a gida muke ba. Ka riga ni hawa, ka riga ni sauka. Tsari tsari ne."

Ya durƙusa yana auna wurin da hannu. Na dubi ƙeyarsa, har furfura ta fara fito masa, ban taɓa lura ba. Na ce, "Auta, maganar Dogo..."

Ya ce, "Miƙo ƙusa."

Na miƙa masa. Bugu uku ya yi, bai bugi yatsa ba. Ya rataye, ya ja baya, ya karkata kai yana kallon hotunan biyu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya fashe da dariya har sai da ya dafa bango.

Firam ɗin hotona ya fi nasa faɗi da yatsa biyu ta kowane gefe. Ni na ce wa mai hoto ya ƙara.